Firigon Allurar Bisashe a Ƙasar Yuraniyom

A hunturun 2023 na zubar da kwalaben allurar rigakafin awaki da tumaki da hannuna, a bakin wata rijiya cikin gundumar Gugaram, a gaban makiyayan da suka kwana biyu suna jiranmu. Motarmu ta lalace a hanya, ƙanƙarar da ke cikin akwatin sanyi ta narke, firigon ɗan ofishin kiwon da muka dogara da shi kuma ya yi kwanaki a kashe don babu gazuwal ɗin tayar da janareto. Wani dattijo Ba'abzine ya matso ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga ta sama. Ya ce, "Likita, ni ban ga abin da ya same ta ba." Na ce, "Baba, matsalar ke nan. Da mai rai da matacciya, kamarsu ɗaya."

Allurar cutar PPR, wadda ke sa wa ƙananan bisashe majina da zawo da gyambon baki, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ana ajiye ta cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, in an dama ta kuma ba ta wuce 'yan awoyi. Idan zafi ya kashe ta aka yi wa akuya, babu abin da zai faru ran nan. Sai bayan watanni cutar ta shigo garke ta yi ɓarna, mai garken ya ce allurar gwamnati ƙarya ce. Shekara mai zuwa ko ka zo da mai kyau, ya kora dabbobinsa daji. Gara in sha kunya in zubar da in jawo wannan.

Tun shekarar da ta gabata aka sa wannan ofishi cikin jerin waɗanda za a ba firigo mai aiki da hasken rana. An auna rufin ɗaki, an cika takardu. Sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mai ba da kuɗin ya dakatar da aikinsa, kayan ba su taɓa isowa ba.

A hanyar komawa Arlit na yi ta tunanin inda muke. An kafa garin nan ne saboda yuraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971, COMINAK na Akokan ya biyo baya a 1978, ya rufe a Maris 2021 ya bar tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20. Shekaru hamsin ana ɗaukar ƙarfen nan zuwa tashar ruwan Kwatano, daga can zuwa Faransa, ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake, wutar da take alfahari ba ta fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya. Amma wutar da ke kunna ma'adinan da garin Arlit da Agadas, daga gawayin ƙasa take, wanda kamfanin SONICHAR ke ƙonawa a Anu Araren kusa da Cirozerin tun farkon shekarun 1980. A ƙasar gaba ɗaya kuwa, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. Makiyayin Tamesna ba ya ma cikin lissafin.

Abin da ya biyo bayan juyin mulkin kowa ya gani. CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke sha, Faransa da Tarayyar Turai suka tsayar da taimako, kamfanin Sin da ke gina madatsar Kandaji ya tsayar da aiki a Agustan 2023. Tashar hasken rana ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta tsira ne don an riga an kusa gama ta, kuma ita ta rage wa babban birni duhu a lokacin. Mu nan arewa layin Najeriya bai taɓa isowa gare mu ba, amma rufe iyakar Benin ta taɓa mu: batura da faifan sola da kayan gyara suka yi tsada, wasu suka ɓace daga kasuwa.

A Disamban shekarar, a taron sauyin yanayi na Dubai, ƙasashe sama da ashirin har da Faransa suka yi alkawarin ninka wutar nukiliya sau uku kafin 2050. Wata guda bayan haka farashin yuraniyom ya haura dala 100 kowace laba, alhali na Arlit na jibge babu hanyar fita. A Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga Orano, a Yunin 2025 ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa.

Ba na cikin masu cewa ƙorafin Nijar ba shi da tushe. Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar yuraniyom, ya ga yadda ta farfashe, ya san akwai tambaya. Haka nan da wuya ka ce wa ƙasar da hayaƙinta bai taka kara ya karya ba ta bar gawayinta da man Agadem, wanda ta fara fitarwa ta bututu a 2024. Abin da ke ci mini rai shi ne, a duk ɓangarorin babu wanda ya ware ƙananan abubuwa daga rigimar. Masu ba da tallafi sun rufe famfo gaba ɗaya, da kuɗin baitulmali da na firigon ƙauye. Hukumomi kuma sun tsananta wa ƙungiyoyi, har a Fabrairun 2025 aka umarci CICR ta bar ƙasar, ita da ta daɗe tana tallafa wa rigakafin bisashe a jihar Agadas. Kowa da hujjarsa. Yanayi kuma bai jira su ba: daminar 2024 ta zo da ambaliyar da ta rushe gidaje har cikin tsohon garin Agadas, ruwan da ya kwanta kuma ya kan zo da nasa cututtukan dabbobi.

Ga abin da muka koma yi, ko zai amfani abokan aiki. Mun daina fita da allura sai mun tabbatar da ƙanƙara a zangon da ke gaba, ba ta waya kawai ba, sai wani namu ya gani da ido. Muna yin allura da asuba, muna dama kwalba ɗaya ɗaya. Muna kuma neman a ba yankunan nesa irin allurar PPR mai jure zafi a duk lokacin da aka samu. Mun mayar da hankali kan lokacin Cure Salée a Ingal, cikin Satumba, inda garkuna ke taruwa da kansu.

Firigon kuwa, daga ƙarshe makiyaya ne suka haɗa kuɗi. Dattijon nan ya sayar da bunsuru biyu, wasu suka ƙara, aka sayo faifan sola na hannu da batir a kasuwar Arlit, wani yaro da ya taɓa aikin lantarki a Akokan kafin a sallame su ya haɗa. Ba irin wanda likitocin dabbobi ke so ba ne, batirin ba zai wuce shekara biyu a zafin nan ba, kuma kullum sai an share ƙurar faifan da tsumma. Da na koma a watan Janairu na buɗe shi, ma'aunin zafi na kan digiri 5, an kuma cusa wata gorar nonon raƙumi a gefen kwalabena. Na fitar da ita, na yi faɗa, na san da na juya baya za a mayar.