ABIN DA KE KARYA ƘAFAFUN ƁERAN MASAR DARE ƊAYA

A gidaje da yawa na ƙasar nan, ɓeran Masar shi ne dabbar farko da yaro ke mallaka kafin ya kai ga zomo ko akuya. Ba ya cizo, ba ya ɓarna, ga shi da saurin hayayyafa, har ma a wasu sassan Nijeriya da Kamaru ana kiwonsa domin nama. Amma akwai wata larura da ta daɗe tana ɗaure wa masu kiwon kai. Sai a kwana da ɗan ɓera yana ta guje-guje, gari na wayewa a tarar da shi yana jan ƙafafun baya, ko yana tsalle kamar zomo, in an taɓa shi ya fasa ƙara. Wasu kan ce sanyi ne ya kama shi, wasu su ce baki ne. Likitocin dabbobi kuwa sun ce galibi maganar tana cikin akurkin abinci.

Ko da yake an laƙaba masa sunan Masar, asalinsa daga duwatsun Andis ne na Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka fi shekara dubu uku ana kiwonsa. Allah ya halicce shi da wani hali irin na ɗan Adam: jikinsa ba ya iya haɗa bitamin C da kansa. Akuya da tunkiya da zomo da kare duk hantarsu tana yi musu wannan aiki, shi kuwa tilas sai ya samu a cikin abin da ya ci, kullum ta Allah. Da wannan bitamin ne jiki ke ƙera wani sinadari mai kama da danƙo, wanda ke riƙe ƙashi da guringuntsi da bangon jijiyoyin jini. In ya yanke, ƙananan jijiyoyi sai su riƙa tsagewa, jini ya taru a gaɓoɓi, musamman gwiwa, su kumbura su yi zafi. Ɗan da ke cikin girma shi ya fi saurin faɗuwa, domin ƙashinsa bai ƙosa ba, kuma cikin mako biyu zuwa uku na rashin ɗanyen ganye alamu kan bayyana.

Wannan cuta ita ce Turawa ke kira sikobi, wadda ta hallaka ɗimbin matuƙan jiragen ruwa a zamanin da. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila, James Lind, ya gwada magunguna a kan marasa lafiya 12, ya ga waɗanda aka ba lemon zaƙi da na tsami su ne suka miƙe. A 1907 kuma likitoci biyu na ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frolich, suka ciyar da ɓerayen Masar zallar hatsi, sai ga cutar ta fito musu sak yadda take fitowa ga mutum, da aka ba su ɗanyen kabeji kuwa suka tsira. Wannan gwaji ne ya share hanyar gano bitamin C a 1932. Ashe ɗan Adam na da bashin wannan ƙaramar dabba a wuyansa.

Abin da Turawan nan suka yi da gangan, shi ne ke faruwa a gidajenmu da rani ba da sani ba. Da zarar ciyawa ta bushe, sai a koma dusa da dawa da harawa, waɗanda ba su da bitamin C na a-zo-a-gani. Wasu kan sayo abincin zomo, alhali ba don ɓeran Masar aka haɗa shi ba. Ko wanda aka haɗa dominsa ma, bitamin ɗin kan lalace bayan kamar wata uku, balle in buhun ya sha zafi a rumfar kasuwa. Sauran alamun sun haɗa da ƙin cin abinci, tashin gashi, zubar jini a dasashi, da rama.

Sai dai ba kowace jan ƙafa ce sikobi ba. Ƙashin bayan wannan dabba ba shi da ƙwari, in ya suɓuce daga hannun yaro ko aka taka shi, yana iya karyewa nan take. Alamar haka ita ce in an ɗan matsa yatsan ƙafar ba zai janye ba, fitsari kuma na zuba ba riƙo. Tsakuwar mafitsara da ƙarancin bitamin E su ma kan kawo rauni, haka nan zafin rana, domin dabbar ƙasar sanyi ce. Shi ya sa ya wajaba a kai shi ga likitan dabbobi a ranar, don ɓeran da ya kwana bai ci komai ba hanjinsa na iya tsayawa.

Babban gargaɗi shi ne kada a kuskura a ba shi fanisilin ko ampisilin ko amoksisilin, irin waɗanda ake fasa kafso a zuba wa kaji. Waɗannan suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, zawo ya biyo baya, sau da yawa kuma mutuwa. Kafin a isa ga likita, a ware shi a wuri mai inuwa da shimfiɗa mai laushi, a kusanto masa da ruwa da abinci. In sikobi ce, likita zai ba shi bitamin C ta baki ko ta allura, kuma wanda aka tara da wuri yakan fara takawa cikin mako ɗaya ko biyu.

Rigakafin ba shi da tsada. Lafiyayyen ɓera na bukatar kamar miligiram 10 na bitamin C a kullum ga kowane kilo na nauyinsa, mai ciki kuwa wajen 30. Yanki ɗaya na tattasai ya wadatar, gwaba kuma ta ninka lemo kusan sau huɗu a wannan fanni. Ga kabeji da ɗanyar ciyawa ta bakin fadama, a wanke su tas kafin a ba shi. Zuba maganin a ruwan sha ba abin dogaro ba ne, domin haske da kwanon ƙarfe na saurin kashe ƙarfinsa.

Iyaye ya kamata su sa ido, tunda yara ne masu wannan kiwo. Duk uwar da ta yanka tattasai don miya, ta tuna ta ware ɗan yanki ga yaronta ya kai akurki.