Gano Iska a Ƙirji Bayan Amai ta Hanyar Sikanin

Gabatarwa

Kalmar "sikanin" ararriya ce daga Ingilishi. Hausawan Njamena kuwa sun fi jin "ekogirafi" a bakin likitoci, saboda tasirin Faransanci. Abin da ake nufi shi ne na'ura mai aika sauti cikin jiki, ta mayar da amsa-kuwwarsa hoto. Akwai ƙananan irinta da ake kaiwa bakin gadon majiyyaci.

Yadda iska ke shiga ƙirji

Yunƙurin amai mai tsanani yakan fasa ƙananan jakunkunan huhu, iska ta tsiyaya tsakanin huhu biyu. Wannan galibi yakan warke da hutu. Mafi haɗari shi ne maƙoshi ya tsage, yawanci a ƙasansa ta ɓangaren hagu, sai iska da abinci su malala cikin ƙirji. A shekarar 1724 likitan Holan Hermann Boerhaave ya wallafa bayanin wani hafsan sojan ruwa, van Wassenaer, wanda ya yi amai bayan cin abinci ya rasu. Da aka buɗe gawarsa, aka tarar maƙoshinsa ya tsage. Alamomin ciwon su ne amai, ciwon ƙirji, da ƙaras-ƙaras ƙarƙashin fatar wuya idan an taɓa.

Abin da likita ke dubawa

Sauti ba ya ratsa iska sosai, don haka aka daɗe ana ganin na'urar ba ta da amfani ga huhu. Likitan Faransa Daniel Lichtenstein ya nuna akasin haka a 1995. Huhun mai lafiya yana zamewa a jikin bangon ƙirji da kowane numfashi. Idan iska ta raba su, zamewar takan ɓace. Idan kuma iskar ta taru gaban zuciya, hoton zuciyar yakan dushe ta gaban ƙirji, amma a gan ta ta ƙarƙashin haƙarƙari.

Kammalawa

Sikanin hannunka-mai-sanda ne kawai. Hoton siti ko hoton da ake ɗauka bayan shan ruwan magani ke tabbatar da tsagewa. Amfaninsa shi ne sauri, domin jinkirin da ya wuce awa 24 yana ƙara haɗarin mutuwa matuƙa. Saboda haka, duk wanda ciwon ƙirji ya kama bayan amai, a garzaya da shi asibiti.