Yadda abinci mai maiƙo da uwa ke ci yake shafar lafiyar ɗanta

Abin da mace ke ci tana da juna biyu yana iya bin ɗanta har girmansa. Tun a ƙarshen shekarun 1980 masanin Ingila David Barker ya danganta halin da tayi ke ciki da cututtukan da ke bayyana bayan an manyanta.

A gwaje-gwajen da aka yi a kan birai, an tarar da kitse ya taru a hantar tayin uwar da aka ciyar da maiƙo mai yawa. A ɓeraye kuwa, sashen ƙwaƙwalwar da ke sanar da jiki cewa ya ƙoshi yakan sauya, sai 'ya'yan su taso da yawan ci.

Ga ɗan Adam, yawan sukari a jinin uwa yana ratsa mabiyiya, tayin ya ƙara samar da sinadarin insulin, ya tara kitse. Hakan na ƙara haɗarin ƙiba da ciwon sukari nan gaba.

Likitoci ba su hana cin mai ba, domin tayi na buƙatarsa. Shawararsu ita ce a rage soye-soye, a yawaita wake, kifi da ganye, a kuma riƙa zuwa awon ciki.