Spacetoon: Tashar Da Ta Raini Yaran Khartum Da Omdurman

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Khartum ko Omdurman a farkon ƙarnin nan, da wuya a ambaci Spacetoon bai yi murmushi ba. Tasha ce ta zane mai motsi, wato katun, wadda ta shigo gidaje ta farantin tauraron ɗan'adam, ta zauna daram a tsakiyar tarbiyyar yara ba tare da iyaye sun yi shawara a kanta ba. Cikin gidajen nan har da na Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan tasha, domin akwai abin lura a cikinsa ga kowane gida, a bakin Nilu yake ko a Maraɗi.

Kafin zuwan farantin

Sudan ba baƙuwa ba ce a harkar nishaɗantar da yara. Tun 1946 aka fara buga mujallar Al-Sibyan, ɗaya daga cikin mujallun yara na farko a ƙasashen Larabawa. Rediyon Omdurman ya fara aiki a 1940, talabijin kuma ya biyo baya a 1962, shi ma a Omdurman, da taimakon Jamus ta Yamma. Shirin yara da ya fi shahara a wannan gida shi ne Jannatul Atfal, inda yaran ƙasar da kansu suke fitowa suna waƙa da wasan kwaikwayo. Katun kuwa ɗan taƙi ne, ana sa shi a lokaci ƙayyadadde, a kan jira shi kamar ruwan farkon damina. Da ya ƙare sai a kashe akwati, kowa ya fita wasa, da dare kuma a kewaye kaka a sha tatsuniya.

Da tauraron Nilesat ya fara aiki a 1998, farantai suka fara tsirowa a kan rufin gidaje, farashinsu yana sauka a hankali. Wanda gidansu babu, sai ya tsallaka maƙwabta.

Haihuwar tashar

Spacetoon ta fara ne a watan Maris na 2000, a matsayin 'yan sa'o'i a gidan talabijin na Baharain. A 2002 ta tsaya da ƙafafunta, ta zama tasha mai zaman kanta, daga bisani cibiyarta ta kafu a Dubai. Amma ƙashin bayanta yana Dimashƙa, a Cibiyar Zuhra, wadda aka kafa a 1992 domin juya fina-finan yara zuwa Larabci. Mafi yawan kayan daga Japan ake sayo su, a cire muryoyin asali, a ɗora na 'yan wasan Siriya, a kuma rera sababbin waƙoƙin buɗewa. Tariƙ Al-Arabi Turgan da Rasha Rizƙ su ne mawaƙan da muryoyinsu suka fi zama a kunnen yaran wancan zamani.

Dabarar da ta bambanta tashar ita ce raba shirye-shirye zuwa duniyoyi goma, kowace da launinta da irin abin da take ɗauke da shi: Faɗa, Kasada, Barkwanci, Wasanni, Kimiyya, Tarihi, Fina-finai, sai Abjad ta haruffa da lissafi, da Bon Bon ta ƙananan yara, da Zumurruda ta 'yan mata. Da yaro ya ga alamar duniya ta bayyana, ya san abin da ke tafe. Uwa ma, in ta kula, za ta san lokacin da ya kamata ta sa ido.

Abin da aka kalla

Akwai Al-Muhaƙƙiƙ Konan, matashin mai binciken laifi da aka ɗura wa guba ya koma ƙaramin yaro. Akwai Al-Ƙannas, labarin yaron da ya fita neman mahaifinsa. Amma waɗanda suka fi taɓa zuciya su ne na maraici da haƙuri. A cikin Ahdul Asdiƙa, talauci ya sa Romiyo ya miƙa kansa ga wani dillalin yara, ya tafi sharar bututun hayaƙi a birnin Milan na Italiya, inda abota ta zame masa dangi. A cikin Ana wa Akhi kuwa, Sami ne yake rainon ƙanensa Wasim bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wane gidan Bahaushe ne bai san yayan da ya zama uwa da uba ba?

Masu fassarar ba su bar kayan yadda suka zo ba. Sun yanke abin da ya saɓa wa kunya, giya ta koma ruwan 'ya'yan itace, budurwar Konan ta zama wadda aka yi masa baiko da ita. Wasu sun yi suka cewa an ɓata labarai, amma wannan tacewa ita ta sa iyaye da yawa suka saki jiki. Sai dai ba ta hana dambe da harbe-harbe a duniyar Faɗa ba, ba ta kuma hana tallar kayan wasa da ke sa yaro ya tasa mahaifinsa gaba ba.

Batun harshe

Babban abin da tashar ta bari shi ne harshe. Duk shirye-shiryenta da Larabcin littafi ake yin su, ba da karin wata ƙasa ba. Yaron da bai shiga aji ba sai a ji shi yana ƙulla jimla daidai da nahawu, abin da malami zai sha wuya kafin ya dasa. Wannan riba ce ga karatun boko, riba ce kuma ga mai koyon Alƙur'ani.

Ga gidan Bahaushe kuwa, lamarin kaifi biyu gare shi. Yaro yana jin Larabcin Sudan a titi da kasuwa, yana jin na littafi a makaranta, Hausa kuma ba ta da mafaka sai tsakar gida. To, ga shi tsakar gidan ma baƙo ya shigo ya karɓe ta, kuma a daidai lokacin da Gizo da Ƙoƙi suke fitowa a da. Ba mu ce tashar ce ta kori Hausa daga bakin yara ba, domin zaman birni da makaranta sun riga ta aiki. Amma sa'o'in da ta ɗauka, daga hannun kakanni ta ɗauke su.

Bayan haka

Ba ta daɗe ita kaɗai a fili ba. MBC3 ta zo a 2004, tashar yara ta Aljazira a 2005, Ɗuyurul Janna a 2008, sai Cartoon Network ta Larabci a 2010. Daga baya wayar hannu ta raba yara da akwatin falo, kowa ya koma kallon nasa shi kaɗai, inda babu mai tacewa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ɗaiɗaita Khartum da Omdurman. Ginin rediyo da talabijin na ƙasa ya faɗa hannun dakarun RSF, sai a Maris 2024 sojoji suka ƙwato shi. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu. Yaran da suka tashi da Sami da Romiyo su ne iyaye a yau, da yawansu suna rainon 'ya'ya a wuraren gudun hijira. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Abin da ya rage gare mu

Mutanen Dimashƙa ba su tsaya tsine wa katun ba. Sun karɓe shi, sun tace, sun sa masa harshensu, har ya zama nasu. Mu ma muna da marubuta, da masu murya, da tatsuniyoyin da ba su ƙarewa. Kafin Allah Ya kawo masu zuba dukiya a wannan aiki, akwai abin da kowane gida zai iya tun yau: a zauna a kalla tare da yaro, a sa shi ya maimaita labarin da Hausa, a ƙayyade lokacin kallo, a kuma bar wa kaka darenta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.