Ƙanjamau a Gidan Yari: Abin da Iyalan Fursuna Ya Kamata Su Sani

'Yan'uwa manoma, tun da rigingimu suka yi yawa a dajin Birnin Gwari, ana kama mutane da dama a kai su gidan yari a Kaduna ko Zariya. Wasu masu laifi ne, wasu kuwa tsautsayi ne ya rutsa da su. Yawancin waɗanda ke tsare a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba tukuna, jiran shari'a suke yi, kuma jiran yakan kai shekaru.

A 2018 an auna jama'ar ƙasa, aka sami wajen mutum 14 cikin 1,000 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Binciken da aka fitar a 2019 game da gidajen yari ya nuna ninki biyu na wannan, kuma abin ya fi tsanani wajen mata. Da yawa da cutar suke shiga. A ciki kuma akwai reza ɗaya ga mutum goma, da jima'i na tilas, da cunkoson da ke yaɗa tarin fuka. Tarin fuka shi ne ya fi kashe masu wannan cuta.

Ga abin da ya fi damunmu. Mutum yana shan maganinsa kullum lafiya lau, sai a kama shi a kasuwa, magani yana gida. Kunya ta hana shi gaya wa gandiroba. In aka daina shan magani, ƙwayar cutar takan sake yawaita cikin 'yan makonni, wani lokaci ma ta ƙi jin maganin daga baya. Wanda yake sha ba fashi kuwa, ƙwayar takan ragu har ba zai sa wa matarsa ba.

Tun 2006 gwamnati take ba da maganin kyauta, ɗaurarre ma yana da haƙƙinsa. Dokar 2014 ta hana a wulaƙanta mutum saboda cutar, ko a tona asirinsa. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2015, sun ce a kula da lafiyar fursuna daidai da na waje. A takarda ke nan; a aikace sai dangi sun bi sawu.

Saboda haka in an tsare ɗan ƙungiyarku, ku kai katin asibitinsa da sauran maganin ga ma'aikacin lafiya na gidan yarin, ku haɗa masa da rezarsa in an yarda. Ranar da za a sake shi, ya karɓi takardar komawa asibitin da ya fi kusa da ƙauyensu.