Cutar Korona da Masu Raunin Garkuwar Jiki

A watan Disamba na shekarar 2019 aka fara ganin cutar COVID-19, wadda muke kira korona, a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da ɓullarta a Legas. Tun da farko likitoci suka lura cewa ba ta yi wa kowa kamu iri ɗaya. Wani yakan yi zazzaɓi da tari na 'yan kwanaki ya miƙe, wani kuwa sai ta kai shi gadon asibiti. Cikin waɗanda ta fi jigatawa akwai masu raunin garkuwar jiki.

Mece Ce Garkuwar Jiki?

A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyin halitta masu tsaron jiki, kuma iri biyu ne suka shafi bayaninmu. Ƙwayoyin B suna ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, waɗanda ke liƙe wa ƙwayar cuta su hana ta shiga ƙwayoyin halittar jiki. Ƙwayoyin T kuwa, wasunsu suna hallaka waɗanda cutar ta riga ta shiga, wasunsu kuma su ne ke ba sauran umarni.

Wannan tsaro yakan raunana. Ƙwayar cutar ƙanjamau tana cinye ƙwayoyin T masu ba da umarni, wato CD4. Wasu magungunan sankara suna rage fararen ƙwayoyin jini. Wanda aka yi wa dashen ƙoda kuwa, dole ne ya riƙa shan magungunan danne garkuwa don kada jikinsa ya yaƙi sabuwar ƙodar.

Idan korona ta kama irin wannan mutum, takan yi tsanani, ta kuma daɗe. A shekarar 2021 masana a Afirka ta Kudu sun ba da rahoton wata mata mai cutar ƙanjamau wadda ƙwayar korona ta zauna a jikinta har kwana 216, tana ta sauya kamanni. Sai da aka canza mata maganin ƙanjamau, garkuwarta ta farfaɗo, sannan ta rabu da ita.

Aikin Allurar Rigakafi

Allurar rigakafi darasi ce ga garkuwar jiki. Alluran Pfizer da Moderna da AstraZeneca ba su ɗauke da rayayyiyar ƙwayar korona, saboda haka ba sa haddasa cutar. Suna sa jiki ya ƙera samfurin ƙayar da ke bayan ƙwayar, domin ƙwayoyin B da T su gane ta tun kafin ta zo.

To, amma raunanniyar garkuwa ba ta saurin ɗaukar darasi. A shekarar 2021 masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna jinin mutum 658 da aka yi wa dashen gaɓoɓi, suka tarar kashi 54 cikin ɗari ne kawai suka samar da antibodi bayan allura biyu. A watan Oktoba na shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙara wa masu raunin garkuwa allura guda a kan ta sauran jama'a. Kariyar ba cikakkiya ba ce, amma tana rage haɗarin kwanciya asibiti da mutuwa.

A watan Mayu na 2023 hukumar ta janye matakin gaggawa a kan korona, sai dai ƙwayar tana nan tana yawo. Don haka mai raunin garkuwa ya nemi shawarar likitansa game da lokacin yin allura, ya sa takunkumi a cikin cunkoso, ya kuma garzaya asibiti da zarar ya ji alamun cutar, domin magungunanta sun fi aiki a kwana biyar na farko.

Ɗalibai da malamai, mu tuna cewa raunin garkuwa ba ya nunawa a fuska. Mai yiwuwa ne akwai mai shi a ajinmu ko a gidanmu. Idan muka yi rigakafi, muka kuma zauna a gida lokacin da muke fama da mura da zazzaɓi, mun rage masa haɗari.