Gim: Ciyawar Teku Mai Kawo Wa Koriya Dala

A Koriya ta Kudu da wuya a ajiye shinkafa ba tare da gim a gefe ba. Wata ciyawa ce da ke tsirowa a cikin teku. Ana yayyanka ta, a shimfiɗa ta fale-fale kamar takarda, a busar, sannan a shafa mata man riɗi da gishiri a gasa. Da ita ake naɗe shinkafa da kayan lambu a yi gimbap, abincin matafiya da 'yan makaranta. Tana da 'yar'uwa mai suna miyeok, wadda ake yi wa maijego miya da ita, kamar yadda ake dama kunun kanwa a ƙasar Hausa. Shi ya sa a ranar zagayowar haihuwar mutum ake dafa masa wannan miya, don ya tuna wahalar mahaifiyarsa.

Noman gim aikin hunturu ne, domin ba ta son ɗumi. Akan kafa raga a ruwan gaɓar lardin Jeolla ta Kudu, wajajen Wando da Jindo da Sinan, a yi ta yanka tun daga Nuwamba har Afrilu. A da, manoma sa'a kawai suke jira, don ba su san inda irin yake ɓuya da bazara ba. Sai a 1949 wata masaniya 'yar Ingila, Kathleen Drew-Baker, ta gano cewa wani zango na rayuwar ciyawar a cikin ƙumba yake wucewa. Daga nan aka iya renon iri a tanki. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taka Gabashin Asiya ba.

Yau kusan kashi 70 cikin 100 na gim da ake cinikinta tsakanin ƙasashe daga Koriya take fitowa. A 2023 kuɗin da ya shigo ya kai kimanin dala miliyan 790, daga ƙasashe fiye da 120. Amurkawa ba mahaɗin shinkafa suka ɗauke ta ba, abin taɓa-ka-lashe ne a ƙaramar leda.

To amma kasuwar waje ta fara cizon ta gida. A 2024 farashin sari na falle 100 ya haura won 10,000 na kuɗin Koriya, har masu sayar da gimbap suka ƙara kuɗi. Ga teku na ƙara ɗumi, lokacin noma na raguwa. Kamfanoni irin su Pulmuone sun koma gwada noman gim a manyan tankuna a kan tudu, inda su ke da iko da sanyin ruwan.